Ranar da Ba a Hangen Dala

Ƙannena samari da 'yan mata,

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shafe shekara 18 yana acaɓa a cikin birnin Kano, har zuwa farkon 2013 da aka hana goyo a babur. Bai taɓa kai taba bakinsa ba. Yau shekarunsa ba su cika 60 ba, amma daga ƙofar gidansa zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Ranar da na raka shi asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi ya hura iska cikin wata na'ura, sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, shekara nawa ka yi kana shan taba?" Yaya ya ce, "Wallahi ko ɗanɗanonta ban sani ba." Likita ya tambayi sana'arsa. Da ya ji, sai ya gyaɗa kai, ya ce hayaƙi da ƙurar titi ma sukan yi wa huhu irin aikin da taba ke yi masa, sai dai su babu wanda ke yi wa mutum faɗa a kansu.

Na tuna yadda yake dawowa gida da magariba a kwanakin hunturu. Gira da gashin ido fari fat, ƙofofin hanci baƙi ƙirin, in ya yi kaki sai ka ga kamar an dama toka. A zamanin nan babura masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai ne suka cika gari, kowace mahaɗa ka tsaya hayaƙi ne shuɗi ya tokare. Mu duka mun ɗauka datti ne wanda ruwa da sabulu za su wanke. Na fuska kam sun wanke shi. Na ciki shi ne yake ɗauke da shi har yau, kuma saboda shi nake rubuto muku wannan takarda.

Mu mutanen Arewa mun saba da hunturu har mun daina ganinsa. In ya kama, zancen sanyi muke yi: a ciro rigar sanyi daga ƙasan akwati, a nemi man kaɗe saboda kaushi da faso, a ɗora ruwan wanka a wuta. Fata muke yi wa tanadi, domin ita muke gani tana tsagewa. Shi kuwa farin abin da ya lulluɓe gari, ya mai da rana kamar faifan azurfa, ya sa jirage suka kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, muna kiransa hazo mu wuce, kamar wani gajimare ne da ya sauko ƙasa. Alhali ƙasa ce niƙaƙƙiya take yawo a sama, kuma an san inda take fitowa.

A arewacin Cadi akwai wani makeken kwari da ake kira Bodele. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ruwa ne kwance a wurin, lokacin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau ninkin-ba-ninkin. Da ruwan ya ja baya sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, wadda ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce da ido ba ya iya gani. Idan damina ta wuce, iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi kamar yadda iska ke yi in ta shiga lungu, ta faɗa wa wannan kwari ta kwashi garin ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ke tayar da ƙura kamar Bodele, kusan kwana 100 a kowace shekara. Ita ce ke biyowa ta kan Damagaram da Maiduguri da Kano da Katsina, ta gangara har Legas da Ankara, wani kaso kuma ya ƙetare Tekun Atalantika ya sauka a dajin Amazon na ƙasar Barazil. Ƙurar da ta iya ƙetare teku saboda rashin nauyi, gashin hancinka ne zai tsayar da ita?

Wannan ta Allah ce, ba mu da iko a kanta. Amma in ta iso gari sai mu ƙara mata namu. Salansar adaidaita sahu da ta manyan motoci, janareto a ƙofar kowane shago, bolar da aka cinna wa wuta cike da leda da roba, tayar da ake ƙonawa don babbakar kai da ƙafa, da wadda samari ke kewayewa da asuba suna jin ɗumi. Da sanyin safiya kuma iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, hayaƙin ya kasa tashi, ya tsaya daidai tsayin hancin mai tafiya makaranta. Lokacin da gari ya fi kama da mai daɗin shaƙa, sau da yawa shi ne lokacin da iskar ta fi muni.

Ku ba ni hankalinku a nan, domin maganar takunkumin rufe baki da hanci zan yi muku, kuma duk a kan girman ƙwayar ƙura ta tsaya. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ake kira maikiron. Kaurin silin gashin kai yana tsakanin maikiron 50 zuwa 70. Ƙurar da ido ke gani, wadda ke sauka a kan gilashin mota har yara su rubuta sunansu, mafi yawanta tana maƙalewa a hanci da maƙogwaro, ta fito cikin majina da kaki. Wannan ita ce mai sauƙin. Akwai wadda ba ta wuce maikiron 10 ba, ita takan shiga har hanyoyin iska na ƙirji. Sannan akwai 'yar mitsitsiya, wadda ba ta wuce maikiron 2.5 ba, da masana ke kira PM2.5, sai ka jera 20 zuwa 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ita ba ta tsayawa a hanya. Takan zarce har can ƙarshen huhu, cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkunan da jini ke karɓar iska a cikinsu, mafi ƙanƙantarta ma takan ratsa ta shiga jinin. Shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya ga tari da asma ba, har ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu tana da hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum kusan miliyan 7 a shekara. A 2021 hukumar ta tsaurara ma'auninta, ta ce kada PM2.5 ta wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a tsawon wuni, kada kuma ta wuce 5 a matsakaicin shekara. A ranar da hazo ya yi kauri, iskar garuruwanmu takan ninka wannan sau da yawa.

Babu ɗayanku da zai ɗebi ruwan kududdufi ya kai baki. Ko ruwan leda aka miƙo maka sai ka ɗaga ka duba. To ruwan da kake sha a wuni bai wuce lita 2 ko 3 ba. Numfashi kuwa kana ja kusan sau 20,000 tsakanin safiya da safiya, iskar da ke ratsa huhunka ta haura lita 10,000, kuma ba ka taɓa ɗaga ta ka duba ba.

Na san abin da ɗan shekara 17 zai ce: ni ai lafiyata ƙalau, ko mura ba na yi. Gaskiya ne, kuma a nan haɗarin yake. Huhun ɗan'adam ba ya gama girma sai an kai shekara 20 zuwa 25. Abin da ka tara a waɗannan shekaru shi ne jarinka, daga wajen shekara 35 kuma sai ci daga cikin uwar kuɗi, a hankali, har ƙarshen rayuwa. Wanda ya girma cikin hayaƙi yakan fara da ƙaramin jari ba tare da ya sani ba, domin a ƙuruciya akwai rarar da ke rufe giɓin. Sai an kai hamsin ake jin sa a kan matakalar bene. Yayana ma a shekararku ba ya tari.

Akwai kuma sanƙarau, wanda iyayenku ba za su manta da shi ba. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. A 2017 ya sake ɓarkewa ta Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya ci rai fiye da 1,000. Ƙasarmu tana tsakiyar wani zirin yanki da ya taso daga Senegal har Habasha, inda wannan cuta ke tashi da rani ta kwanta da saukar ruwan farko. Ƙwayar cutar takan zauna a maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu komai ba. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura ne ke ƙeƙashe fatar cikin hanci da maƙogwaro, irin bushewar nan da ke kawo haɓo, sai ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma kada wani ya ce na ce takunkumi na maye gurbin allura. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. In an zo yin ta a unguwarku, ku miƙa hannu, ku kai ƙannenku.

To me ya sa, duk da wannan, saurayi zai gwammace ya shaƙi bayan tirela da ya rufe hancinsa? Na daɗe ina tunanin wannan, kuma ina jin har sunan abin yana da laifi. Takunkumi a asalinsa abin da ake ɗaura wa jaki ko sa ne a baki don kada ya ci amfanin gonar mutane. Da wannan suna ya shigo mana a 2020, tare da korona da kulle da rufe kasuwanni da masallatai, a matsayin abin dole. Mutane suka sa shi a haɓa don a bar su su wuce, ranar da aka sassauta kuma suka jefar da shi da murna. Har yau in ka sa shi a majalisa sai wani ya ce, "A'a, korona ta dawo ne?" Wani ya ce iyayi ne, wani ya ce tsoron mutuwa.

Ni kuwa ina so ku tuna cewa rufe baki da hanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba abin kunya ba ne. Ku dubi Buzayen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Tenere da ayarin raƙuma, suna kawo gishirin Bilma kasuwanninmu. Ba za ka ga babban mutum a cikinsu da baki a buɗe ba. Ku dubi sarakunanmu da hakimai da manyan malamai: rawani bai cika ba sai da amawali. Mutanen da suka fi kowa sanin hamada, da mutanen da muka fi girmamawa, su ne masu rufe fuska. Babu wanda ya taɓa ce wa Sarki yana tsoron mutuwa don ya ja amawali. Abin da nake kiran ku gare shi amawali ne, sai dai an saƙa shi da ilimin da kakanninmu ba su samu ba.

Domin gaskiya ƙyalle yana da iyaka. Rawani, hankici, mayafi, niƙabi, da takunkumin atamfa da teloli suka ɗinka lokacin korona, duk suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, suna rage bushewar hanci, kuma da babu gara ba daɗi. Amma ramukan da ke tsakanin zaren yadi, a wurin PM2.5, ƙofar gari ce. Jiƙa shi da ruwa ma ba ya canza wannan sosai. Shuɗin nan na asibiti da ake sayarwa a kowane kyamis an yi shi ne don ya tare yawu da feshin tari. Yadinsa yana tacewa, amma gefe da gefe a buɗe yake, iska kuma kullum hanya mai sauƙi take bi. Wanda aka yi musamman don ƙura shi ne mai lamba N95, ma'aunin Amurka, wanda ke tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. KN95 takwaransa ne na ƙasar Sin, FFP2 kuma na Turai. A cikinsu akwai wani shimfiɗi na siraran zaruruwa da aka ɗora wa cajin lantarki, yana fizgo ƙura kamar yadda biron da aka goga a gashi ke fizgo guntun takarda. Saboda haka ba a wanke shi. Ruwa da omo suna kashe cajin, ya koma ƙyalle kawai. In ka dawo gida ka rataye shi ya sha iska, ko ka sa shi a ambulan ta takarda, kada ka cusa shi a aljihu tare da makulli da canji. In ya yi dauɗa, ko igiyarsa ta saki, ko ka ji numfashi ya fara nauyi a cikinsa, aikinsa ya ƙare. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka ku duba a ga lambar a buge a jikin takunkumin kansa, ku kuma saya a wurin mai magani da kuka amince da shi ko masu sayar da kayan kariya na ma'aikata. N95 na ainihi igiyoyinsa bayan kai suke zagayawa. Mai rataya a kunne yawanci KN95 ne. Mai ɗan murfi a gaba yana sauƙaƙa fitar numfashi kuma yana tare ƙura, amma in kana mura ba zai kare na kusa da kai ba.

Mafi kyawun takunkumi kuma banza ne in bai zauna ba. Ka matse ƙarfen nan a kan karan hanci da yatsun hannu biyu, ka ja ƙasan ya rufe haɓa, sannan ka kifa tafukanka a kai ka huro iska da ƙarfi. In ka ji ta a idonka, ko tabarau ya yi gumi, akwai kafa, sake gyarawa. Masu gemu, ba zan ɓoye muku ba, gashi yana hana shi mannewa da fata, kariyarku ba za ta kai ta marar gemu ba. Ban ce kowa ya taɓa gemunsa ba. Ku ɗaure shi sosai, abin da ya tare ya taru, ku kuma rage daɗewa a cikin ƙurar. 'Yan mata masu niƙabi, ana iya sa shi a ƙarƙashi, ba mai gani. Kuma don Allah in za ku yi sharar tsakar gida ko ƙofar gida, ku fara yayyafa ruwa.

Abu ɗaya nake so ku riƙe da kyau, don rai ne a ciki. Takunkumi ƙwayoyi yake tarewa, ba ya tare iskar guba. Janareto da garwashin gawayi suna fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke ratsa N95 kamar babu shi, ta sa mutum barci ya wuce daga nan. Duk hunturu sai an ji gidan da aka kwana da kaskon wuta a ɗaki a rufe, ko inji a cikin shago ko a soro, aka wayi gari da gawawwaki. Maganin wannan a fitar da wutar waje, a buɗe taga. Haka kuma ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba takunkumi, kuma mai ciwon huhu ko zuciya da ya ji yana shaƙe shi, ya tambayi likitansa. Mai asma kada ya fita ba da abin shaƙarsa a aljihu ba.

Ban ce ku wuni da shi ku kwana da shi shekara zagaye ba. Akwai ranakunsa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan yi gargaɗin hazo a rediyo, wayoyin da ke hannunku kuma da yawansu suna nuna ma'aunin ingancin iska: in lambar ta haura 100, masu asma da tsofaffi da masu ciki da yara su yi hattara, in ta haura 150, maganar ta shafi kowa. Wanda ba shi da wannan, idonsa ya ishe shi. Bakano ya duba Dala ko Gwauron Dutse daga inda ya saba hango su. Na wani gari ya zaɓi hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sabis da ke nesa. Ranar da ka duba ka ga wayam, ko rana ta fito kana iya kallonta ido da ido, ranar takunkumi ce. A irin wannan rana ku haƙura da ƙwallo da gudun safe. Mai gudu yana zuƙar iska ninkin mai zaune sau da yawa, kuma da baki yake zuƙa, ya tsallake matatar hanci gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda kowace rana tasu ce, da hazo ko babu: direban adaidaita, mai ba da hannu a titi, mai talla a cunkoson motoci, mai injin niƙa, mai sussuka da shiƙa, leburan siminti, mai fasa dutse. Ƙurar dutse takan bar tabo a huhu wanda ba ya warkewa. In sana'arka tana cikin waɗannan, takunkumi kayan aiki ne, ka lissafa shi yadda kake lissafa mai da faci.

Maganar ladabi kuma ba ta da wuya. In ka zo gaida babba, ka sauke shi ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, saboda ƙura ne," ka mayar. A shingen jami'an tsaro ko ƙofar banki ka buɗe fuskarka tun kafin a ce ka buɗe, don zamanin da muke ciki na rashin tsaro ne, kuma mutane suna da hujjar tsarguwa da rufaffiyar fuska. In kuma za ka saya, ka tuna da almajirin da ke wanke muku kwano da tsohuwar da ke sharar titi da asuba, waɗanda suka fi ka wuni a waje.

Babban ɗan yayana yanzu adaidaita sahu yake ja. Hunturun da ya wuce na kai masa fakiti ɗaya na takunkumi har gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, fasinja fa za su ce ciwo gare ni, su ƙi shiga." Ban kai ga ba shi amsa ba, mahaifinsa da ke kishingiɗe a kan tabarma ya yunƙura zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Muka yi shiru muna jira. Ya daɗe kafin ya lafa, idonsa ya kawo ruwa, ya nuna fakitin da hannu ya ce da yaron, "Sa."

Bayan kwana biyar yaron ya same ni a ƙofar gida da daddare, ya ciro ambulan daga gaban rigarsa ya buɗe mini a ƙarƙashin fitila. Bayan takunkumin ya koma ruwan ƙasa, daidai hanci kuma baƙi. Ya juya cikinsa, fari. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni a ina na saya, ya ce abokansa biyu na tasha suna so.